Ƙafa Ta Shida

Dayyabu likitanci ya nema, jami'a ta ba shi Bayoloji. Wanda duk ya san jami'o'in nan namu ya san wannan labari, domin rabin 'yan ajin farko na Bayoloji likitoci ne da gurbi bai ishe su ba. Sai dai na Dayyabu ya ɗan fi na kowa nauyi. Tun ranar da sunansa ya fito, mahaifiyarsa ta yafa mayafi ta zaga unguwarsu a can bayan Gumel, gida-gida, tana sanar da jama'a cewa ɗanta ya tafi karatun likita. Da ya zauna zai yi mata bayani, tambaya ɗaya ta yi masa: za su riƙa sa farar riga? Ya ce za su sa. Ta ce to magana ta ƙare. Daga ranar ba a sake jin sunansa na yanka a unguwar ba. Hatta liman Dakta yake ce masa, tsofaffi kuwa in ya leƙa gida ƙarshen mako sai su tare shi a zaure da ciwon gwiwa da na ƙugu, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai yana cewa su rage gishiri.

Ƙofa ɗaya ta rage masa. An ce wanda ya yi fice a shekarar farko ana iya mayar da shi sashen likitanci. Guraben ba su taka kara sun karya ba, masu nema kuwa ɗaruruwa, don haka Dayyabu yake ririta kowane maki kamar ƙwai. Ba ya fashin lakca, ba ya zuwa kallon ƙwallo, ko fira aka ja shi sai ka ga leɓensa yana motsi, yana bitar sunayen ƙasusuwa.

Ta fannin hadda kam, a yi masa adalci, ba shi da na biyu. Makarantar sakandaren da ya fito tana da ɗakin gwaje-gwaje, amma karyayyun bencina ake tarawa a ciki. Malaminsu na Bayoloji kan allo yake zana komai, su kwafa, su haddace, su zuba a jarrabawa. Ta haka Dayyabu ya iya zana zuciya da ƙoda da fure da kifi ido a rufe, kowace jijiya da sunanta. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya ajiye halitta a gabansa ya dube ta.

Ranar wata Litinin malamar da ke yi musu aikin ɗakin gwaji, Dakta Saratu, ta shigo da sanarwa. 'Yar siririyar mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, amma manyan ɗalibai sun ce makinta ya fi ruwan famfon hostal wuyar samu. Ta ce ranar Alhamis kowa ya zo da kyankyasonsa, babba, mai rai, kuma aikin ranar yana cikin makin ƙarshen zango.

Aji ya kwashe da dariya, don in akwai abin da hostal ɗin maza ya wadata da shi, to kyankyaso ne. Tare ake kwana da su, tare ake cin garin kwaki, wani ma in ka buɗe akwati sai ya tsaya yana kallonka kamar kai ne baƙon. Dayyabu ya ce wannan ai maki ne aka raba kyauta, ya ci gaba da haddarsa.

Abin da bai lissafa ba shi ne mutum ɗari huɗu ne suka fita farauta rana ɗaya. Kafin azahar ɗin Talata an ɗaga kowace katifa, an zazzage kowane kwali, an leƙa bayan kowane banɗaki. 'Yan sashen shari'a da na injiniya suka jeru a baranda suna kallon likitocin gobe a durƙushe bakin kwata da kwalabe. Kyankyasan da suka tsira kuwa suka yi ɓatan dabo, ka rantse wani ne ya tsegunta musu. Dayyabu ya tashi da safiyar Laraba ya nemi ko ɗaya ya rasa. Ya wanke kwalbar man shafawa, ya huhhuda murfin, ya yi ta yawo da ita wayam har la'asar. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ya san wanda ya je hannu rabbana ko ƙofa ba za a bar shi ya shiga ba.

Nan ne wani ya ba shi shawara ya gwada rumfar Inna Ladi, mai sayar da garau-garau a bayan hostal. Shawarar ba ta da laifi. Laifin Dayyabu ne da ya isa daidai lokacin da benci ya cika da masu cin abinci, kuma bai rage murya ba.

"Inna, sannu da aiki. Taimako na zo nema."

"Faɗi, ɗan nan, in dai ba ƙarin wake ba ne."

"Kyankyaso nake nema, babba. An ce mini nan ba a rasawa."

Cokula suka tsaya a hanya. Wani da ya riga ya kai loma baki ya fara leƙa kwanonsa. Inna Ladi ta ajiye ludayi a hankali, ta gyara ɗaurin zani.

"Wane mara mutuncin ne ya ce maka?"

"A'a Inna, ba da wata manufa ba, karatu za mu yi da shi."

"Karatun ne ya aiko ka ka kashe mini kasuwa? Shekara goma sha ɗaya ina girki a wurin nan, ko ƙuda sai ya yi sallama kafin ya shigo. Ka dubi tsabar idona a gaban mutane ka ce kyankyaso?"

Ba ta rufe baki ba sai ga wani ƙato, ja wur, ya fito daga ƙarƙashin buhun shinkafa yana tafiya a natse, ya nufi tsakiyar rumfa. Inna ta rarumo tsintsiya. Dayyabu ya ce, "Inna, da rai ake so," amma tsintsiya ta riga ta sauka. Ya yi tsalle ya kifa kwalba a kai kafin ta ƙara na biyu. Ita kuwa ta juya wajen masu cin abinci ta ɗaga hannu.

"Ku shaida, ba na nan ba ne. Shi ya biyo."

Sai da ya koma ɗaki ya ɗaga kwalbar a hasken taga sannan ya ga ɓarnar. Kyankyaso yana da rai, yana ma ƙoƙarin hawa gilashi, amma ƙafar baya guda ta tafi, ɗaya daga cikin dogayen gashin nan biyu na kansa kuma ya karye a rabi. Dayyabu ya yi tunanin komawa neman ƙafar, ya tuna fuskar Inna Ladi, ya fasa. Ya lallashi kansa da cewa malama ɗaya ba za ta zauna ƙirga ƙafafun kyankyaso ɗari huɗu ba.

Ranar Alhamis ya goge farar rigarsa har tana ɗaukar ido, ya tsaya a ƙofar ɗakin gwaji aka ɗauke shi hoto don a tura gida. A ciki aka bi su da auduga mai maganin sa barci, kowa ya jefa a kwalbarsa. Da kyankyasai suka yi laushi, aka ce a kwantar da su rigingine a faranti, a kafe da allura, a zana cikinsu da ƙafafunsu. A kan allo Dakta Saratu ta rubuta layi ɗaya tak: kowa ya zana abin da ke gabansa.

Dayyabu ya yi wa farantinsa kallo ɗaya, irin na gaisuwa, ya ture shi gefe. Wannan zane ai tun yana aji huɗu na sakandare yake a kansa. Ya fere fensir, ya sunkuya. Cikin minti goma sha biyar ya fito da kyankyaso wanda ko a littafi sai an tona kafin a sami irinsa: ƙafafu shida reras, kowace da gaɓoɓinta da ƙayoyinta, gashin kai biyu sun tanƙwara daidai wa daida. Ya sa rula ya ja layuka, ya jera sunaye da kyakkyawan rubutu. Yarinyar da ke kusa da shi ta toshe hanci da gefen hijabi tana ta fama, abin da ta zana ya fi kama da dabino. Na bayansa suka fara miƙo wuya. Dayyabu ya harɗe hannu ya jingina, a ransa har ya fara jin ƙamshin asibiti.

Dakta Saratu tana bin tebur-tebur, hannu a baya, har ta iso kansa. Ta ɗauki takardar ta daɗe tana kallo.

"Kai ka zana wannan?"

"Ni ne, Malama."

"Hannunka yana da kyau."

Daɗi ya kama Dayyabu har ya rasa inda zai sa idonsa. Sai ta jawo farantin da ya ture, ta gyara tabarau, ta karɓi fensirinsa ta fara taɓa ƙafafun kyankyason ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa a fili. Ta tsaya a biyar. Ta koma kan takarda ta ƙirga, ta kai shida.

"Wannan ta shidan daga ina ta shigo?"

"Malama, ai kyankyaso ƙafa shida gare shi. Haka yake a littafi."

"Na littafi bai zo aji yau ba. Wannan da ka kawo nake tambaya."

Gumi ya karyo masa a cikin farar rigar. Ya ga makin yana tafiya, ya ga ƙofar likitanci tana rufewa, ya ga kansa a zaure yana yi wa liman bayanin abin da ake nufi da Bayoloji. Tsoro ya kama shi sosai. Da ya ga hadda ba za ta fisshe shi ba, sai ya ce bari ya gwada baki, ko Allah zai sa ta yi dariya ta sassauta.

"Gaskiya Malama, da biyar ya zo. To ni kuma likitanci nake fatan komawa. Sai na ga bai dace majinyaci ya zo hannuna da ƙafa biyar in sallame shi a haka ba. Shi ne na cika masa, har gashin kan na gyara."

Aji ya fashe da dariya, har da mai dabino. Dakta Saratu ma ta ɗan murmusa. Ta ninke kyakkyawan zanen ta sa a aljihu, ta zaro sabuwar takarda ta shimfiɗa masa, ta tura farantin daidai ƙarƙashin hancinsa, ta duba agogo ta ce saura minti ashirin. Har ta taka za ta wuce, sai ta waiwayo ta dube shi ta saman tabarau.

"Irinku muke tsoro a asibiti, Dakta. A fayil an rubuta ya warke har an sallame shi, a kan gado kuma ga shi nan ƙafafu a sama."