Bargon da Na Ce Daga Kantin Kano Yake

Ba zan taɓa mantawa da abin da Sule tela ya yi mini ba. Mutumin nan ya tsaya a tsakar gida cike da mata ya kira ni ɓarawo, alhali shi ya yi satar, ni nawa ɗinki ne kawai. Amma tunda na buɗe baki, bari in faɗa duka, har da nawa haukan.

Lokacin ina masinja a wani ofis a Kazaure, zamanin da kuɗin mai suka fara shigowa, kowa ya ruɗe da kayan kanti. Ni daga aji huɗu na tsaya, albashin nawa ma daga nan ya tsaya. Sai ƙanwata Hadiza ta aiko daga Babura cewa bayan kaka za ta aurar da 'yarta Binta. Ni ne babban kawu. Dangin uban yarinyar kuwa direbobi ne da 'yan kwangila, na san gado mai rumfa da rediyo za su kawo. Ni fa?

Muna da maƙwabciya, Maman Ladi, matar malamin asibiti, mutuniyar kudancin Zariya. Takan haɗa ƙyallaye ta ɗinke, ta shimfiɗa auduga a tsakani, ta bi da allura har ya zama bargo mai kauri. Na cire kunya na ce ta koya mini.

Ta yi dariya ta ce, "Malam, aikin nan haƙuri yake so. Kai kuwa ko layin famfo ban taɓa ganin ka jure ba."

Na ce ta dai gwada ni.

Ƙyallayen wurin Sule nake samu, abokina tun muna yara a Roni. Da farko 'yan mitsi-mitsi yake ba ni, kamar kunnen akuya. Da aka kwana biyu sai na ga suna girma, wani kamu guda, wani har biyu. Na ce, "Sule, wannan ma ƙyalle ne?" Ya ce, "Ragowa ce. Ragowar tela ai ta tela ce, ɗauki." Ban sake tambaya ba. (Na san amsar, shi ya sa.)

Kullum na taso daga aiki, bayan la'asar, sai in sa sakata in ce wa matata duk wanda ya yi sallama ba na nan. Makon farko na haɗa kamar tafin hannu huɗu, Maman Ladi ta duba ta ce kaza ma za ta fi ni, ta warware. Cikin wata guda ya kai tabarmar sallah. Na je Gwiwa a keke na roƙo auduga a gonar surukina, matata ta gurje ta shiɓe tana ta gunaguni. Yatsuna duk suka zama rariya. Amma wallahi duk ranar da na ƙara layi ɗaya, sai in ja da baya in tsaya ina kallo kamar na gina bene.

Da aka zo ƙarshe, Maman Ladi ta ce tsakiya da gefe suna son yadi iri ɗaya mai faɗi. Sule ya kawo mini wata atamfa koriya mai zanen agogo, sabuwa dal, har da ƙamshin kanti. Wata huɗu cif na gama. Abin da na manta shi ne, ni da bakina na ce wa Hadiza ta aiko wa Sule ɗinkin ankon bikin, wai abokina ne mai amana. Wane namiji ne ke tambayar kalar ankon mata?

Ranar da ake nuna kayan ɗaki na isa Babura da ƙunshina. A zaure na tarar da Alhaji Mamman, wan uban amarya, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

Ya ce, "A'a, kawun amarya! Me aka kawo mana daga ofis?"

Da na ce ni na ɗinka, da shi ke nan. Amma makullin nan ya tsaya mini a maƙogwaro. Sai na ji bakina yana cewa, "Bargo ne na Turawa, daga wani babban kanti a Kano. Biyu kawai suka shigo ƙasar nan."

Nan take labari ya riga ni shiga gida. Aka ce kawu ya shigo da kansa a yi masa godiya.

Ina sa ƙafa a tsakar gida na ja na tsaya. Duk inda na juya, koriyar atamfa ce mai agogo a jikin mata. Wata zanenta iyakarsa ƙwauri, wata rigar ta matse ta kamar an ɗaure buhu, wasu ko ɗankwali ba su samu ba, sun ɗaura na wani yadi. Na so in juya, amma Gwaggo Tabawa, yayar babanmu, ta riga ta karɓe ƙunshin. Ta warware shi a kan tabarma.

Guɗar da aka fara ta tsinke a tsakiya.

Gwaggo ta dubi bargon, ta dubi zanenta, ta dube ni. Ta ce, "Kai ɗan nan, ashe Turawa ma sun yi mana anko?"

Wata ta durƙusa ta kara gefen zanenta da bakin bargon. "Jama'a, ga rabin agogona!" Ya kuwa haɗu daram. Wata ta dangwala yatsa a wani ƙyalle ta ce ga shaddar mijinta da aka ce ba ta isa aljihu ba. Kowacce ta sunkuya tana neman nata kamar masu tsintar gyaɗa.

Hadiza ta matso ta ce a hankali, "Yaya, don Allah faɗi gaskiya."

Ni kuwa na ce, "Wataƙila kamfaninsu ɗaya ne." (Har yau in na tuna wannan maganar, sai in ji kamar in haƙa rami in shige.)

Aka aika a kira Sule, da ma yana waje yana narkar tuwon biki. Ya shigo, ya ga bargon, ya dube ni, sai ya tafa hannu ya sa salati.

"Ashe kai ne! Ni ina ta neman yadin mutane har ina zargin aljanu. Kullum zan tafi azahar shi nake bar wa gadin shago!"

Na ce ƙarya yake, shi ya ba ni da hannunsa. Alhaji Mamman daga bakin zaure ya ce, "To, ɗazu kantin Kano, yanzu Sule. Wanne za mu ɗauka?" Aka kwashe da dariya. Hadiza ce kaɗai ba ta yi ba, ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki. Wannan ya fi komai ƙona ni.

A bayan motar gyaɗa na dawo, ko ruwan gidan ban sha ba. A hanya na gane abu ɗaya: wanda aka kama da ƙarya da hantsi, gaskiyarsa ba ta da kasuwa da azahar. Wata huɗu ina aikin da ya isa in yi alfahari da shi, na je na ba Turawa ladan, na ɗauko wa kaina sunan sata.

Ranar kasuwa na tafi shagon Sule da tef ɗin awo a wuyana. Mutane cike, yana ta taka keken ɗinki. Ya gan ni ya fara, "Haba abokina, ai ka san sana'a..."

Na ja benci na zauna na ce, "Sule, ni na yi ƙarya don kunyar talauci, an kama ni, na sha. Kai ka yi sata ka rufe da salati. Tunda ka gaya wa duniya ni ke gadin shagonka, to yau na kama aiki. Duk wanda ya kawo yadi, ni zan auna a gabanka, in ya zo karɓa in sake aunawa. Taka kekenka, ina kallo."