Rasuwar Silifas ɗin Ƙafar Dama a Kan Tudun Yashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin ƙafa mai cike da bororo, ni Graeme Pfitzner na garin Broken Hill nake sanar da 'yan'uwa da abokan tafiya rasuwar silifas ɗina na ƙafar dama. Ya cika ranar Talata da rana tsaka, a kan jan tudun yashin nan da ke yamma da Birdsville, saura ƙiris mu kai ƙololuwa.

Marigayin ya zo hannuna ne a wani gidan mai, shi da ɗan'uwansa na hagu. Tun daga ranar bai taɓa ƙin aiki ba. Ya taka birki, ya kashe gizo-gizo, ya halarci bikin 'yata Kerryn duk da uwar amarya ta rantse ba zai shiga hoto ba. Ya shiga. Ba shi da yawan magana, "fat, fat, fat" kawai yake cewa, amma da an ji shi an san maigida ya dawo.

Shi ne kuma hujjata a gida. Tun da na auri Noelene nake gaya mata cewa namijin ƙasar nan ba ya bukatar rufaffen takalmi. Ita kuwa ta saya mini wasu manyan takalman but na hawan dutse, duk tafiyar da za mu yi sai ta jefa su a mota. Muka yi alkawari: ranar da silifas ya ci amanata a hanya, zan sa but, ba kuma zan ƙara buɗe baki ba.

Marigayin ya daɗe yana jinya. Hancinsa ne ke zarewa daga rami, ni kuma ina yi masa maganin da kowa ya gada: a mayar da hancin, a maƙale shi ta ƙasa da ɗan guntun robar nan da ake ɗaure bakin ledar burodi da shi. Da safiyar ranar, muna rage iskar tayoyi don shiga yashi, ciwon ya tashi. Na zare na burodin karin kumallo, na laɓe bayan mota na yi masa aiki. Ban lura ba ashe na yanzu da kwali ake yin su, kwali kuwa ba ya shiri da gumi.

Ƙanin matata, Col, ya ce a bari rana ta yi sanyi. Na ce tudun da yara ke hawa a guje? Muka kama hawa ni da Noelene, Col ya tsaya a ƙasa. Kalmomin marigayin na ƙarshe, kamar yadda na ji da kunnena, su ne "fat, fat, tsut."

Yashin ya yi zafin da zai soya ƙwai. Na tsaya da ƙafa ɗaya, gawa a hannu, Col yana ihu daga ƙasa: "Suruki, rawa kake yi ko addu'a?" Noelene ta iso, ta sauke jakarta, ta fito da but. Ashe tun daga mota ta goyo su. Ta'aziyyarta ke nan gaba ɗaya: "Safa na ciki." Na ce da ƙafar da aka haife ni da ita zan sauka. Na kuwa sauka, kuma wallahi na yi kuka, ba duka don marigayin ba.

Ya bar ɗan'uwansa na hagu, lafiyarsa ƙalau amma ba aikin yi; da karen gida wanda ya daɗe yana sa masa ido; da Noelene, wadda ta ɗauki wannan rashi da juriya mai ban mamaki, har ana jin ta tana waƙa a kicin.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma a itacen nan na bayan garinmu, inda matafiya ke kafe silifas ɗinsu da suka riga mu. Col zai zo da guduma da ƙusa. Za a gasa nama, kowa ya taho da abin shansa. Mai rashi zai halarta cikin but, kuma Noelene ce za ta ɗaure masa igiya, domin bai iya ba. Ana roƙon jama'a, in an zo gaisuwa, a dubi fuskarsa kawai.