Kwamitin Maido da Kumatu

Jama'a, yau da hantsi, ni Manzo, da furfurata da komai, aka ɗora mini faifan gasasshen nama a hannu aka ce in riƙe wa wani mutum har ya ƙoshi. Ko albasar ban ɗanɗana ba. Da na ce ƙafata ta gaji, sai aka ce in daure, aikin ƙasa nake yi. Kuma wallahi da son raina na riƙe, har ina ce masa, "Ƙara wannan mai kitsen, ranka ya daɗe." Ku tsaya ku ji dalili kafin ku ce tsufa ya taɓa ni.

Kakar bara na tarar da wani ikon Allah a gonata ta bakin kwarin da muke kira dallol: zangarniyar gero mai kai uku a kan kara guda. Na daɗe a tsugune ina kallonta har rana ta karkata. Washegari na kai ta wani biro, wato ofishin hukuma, a nan Filinge, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ina son in ci gaba da zama kan bencinsa. Mai Girma Mai Kujera na lokacin ya yi murna ƙwarai. Ya karɓe ta, ya gyara hula, aka ɗauke shi hoto da ita, aka zuba hoton cikin kwamfutar biro. Ya ce har Yamai za a san da zancen.

A hanyar gida na tsaya kallon wani gajimare mai kama da raƙumi durƙushe. Kafin raƙumin ya tashi, akuya ta zo ta bayana ta cinye kawunan nan uku tas, ta bar mini kara.

To, ina da taubashi, Sahabi, wanda bai taɓa yarda da maganata ba ko da na ce masa rana ta fito. Bai ga zangarniyar ba. Ya dube ni ya dubi karan ya ce, "Manzo, tun da Allah ya yi ƙasarga tamu ta Kurfai ba a ga gero mai kai ukku ba. Kai ma kan naka guda wahala shika ba ka."

Daga ranar sunana ya koma Mai Kai Uku. A kasuwar Lahadi in na taya albasa, sai mai albasar ta ce, "Mai kai nawa kaka so, Baba?" Hatta Kubura, matata, in na fara ba ta labari sai ta ce, "Uhum," irin wanda ake yi wa mai zazzaɓi. Shaidata kaɗai a duniya tana cikin kwamfutar nan.

Na koma biro neman hoton. Habsa sakatariya ta ce in dakata, ana ɗura wa kwamfuta sabon sistem. Ni lakkwal, wato makarantar boko, aji uku na yi aka sallame ni saboda yawan kallon taga, don haka na tambaye ta mene ne sistem. Ta ce hankalin da ke cikin na'urar ne. Na ce, "Ashe da can mahaukaciya ce?" Ta ce a'a, lafiyarta ƙalau, daga sama dai aka ce a canza.

Kada ku ce manyanmu ba sa aiki. An kafa rumfuna, an yanka raguna, an zo da baƙi cikin motoci masu baƙin gilashi, duk don a sa wa akwati guda sabon hankali. Tsohon sistem, in ji Habsa, nawa gare shi, amma kowa ya taɓa shi yana buɗewa. Sabon kuwa yana da ido. Sai ya kalli fuskarka, in ya san ka ya buɗe. Mai Kujera ya ji haka ya ce madalla, fuskarsa kaɗai za a nuna masa, don ma'aikata na iya satar komai amma ban da fuska. Akwai wata lambar sirri da aka ba shi saboda ko-ta-kwana. Ya ɓoye ta ɓoyo mai kyau, har shi ma bai sake ganinta ba.

Sai aka wayi gari kujeru sun juya, yadda suka saba juyawa a ƙasar nan. Mai Kujera ya zama Tsohon Mai Kujera. Maroƙa suka bi sabo, masu kawo kaji suka bi sabo, har karen biro ya koma kaɗa wa sabo wutsiya. Kwamfuta kaɗai ta ƙi. Sabon Mai Kujera ya zauna gabanta ya yi murmushi, ya ɗaure fuska, ya cire tabarau, ya mayar. Ba ta buɗe ba. A duk Filinge ita ce ba ta je gaisuwar murna ba.

Aka aika a kira tsohon ya zo ya leƙa. Ya yi fushi ya ƙi, aka yi ta biko wata da watanni. Ranar da ya sauko daga bayan kabu-kabu ina kan benci, kuma na ɗauka wani baƙo ne daga Damana ya zo neman taimako. Kumatun nan da suka cika hula sun zube. Wuyan nan mai hawa-hawa ya koma na zakara. Ya zauna ya kalli kwamfuta, ta kalle shi, ta rubuta wani abu da Faransanci. Habsa ta fassara mana a hankali: wai ba ta san wannan mutum ba. Abin da mutanen gari suka riga ta faɗa ke nan tun ranar da ya sauka, ita ce ta makara.

An gwada dabaru. An cusa masa goro a kumatu biyu. Ni na ba da shawarar ya hura baki irin na mai algaita, ya hura har idanunsa suka yi ja. Kwamfuta ba ta ruɗu ba.

Wani masani daga Yamai ya ce abin mai sauƙi ne: akwai sistem da ya fi wannan sabunta, a share komai a ɗura shi. Komai, har da hotona. Gari ya rabu biyu a kan zancen, har waɗanda ba su taɓa ganin kwamfuta ba sai a lulluɓe da zane. Wasu suka ce a koma wa tsohon sistem, wanda ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Sahabi kuwa kullum bayan la'asar sai ya ce, "A share! Ni mutumin ci gaba ne. Mi kaka tsoro, Mai Kai Ukku? In an share ai ka huta, sai ka ce kai bakwai gare ta."

Sabon Mai Kujera ma sharewar ya so, har wani mai basira ya raɗa masa cewa sharewa aikin yini guda ne, amma maido wa tsohon ƙibarsa sai an kafa kwamiti. Nan take Allah ya ba shi tausayin kayan tarihi. Aka kafa Kwamitin Maido da Kumatu, da shugaba, da mataimaka, da mai ɗanɗanawa. Kullum fura da nono da safe, shinkafa da mai da rana, nama a tsakani. Kuma saboda kada baƙo ya ji kunyar ci shi kaɗai, 'yan kwamiti suna taya shi. Sun riga shi murmurewa. Ni ba a sa ni ciki ba, ni na kai kaina, ina riƙe faifai ina duban kumatunsa yadda manomi ke duban gabas a farkon damina.

Yau, bayan faifan da na ba ku labari, Tsohon Mai Kujera ya share baki ya zauna gaban kwamfuta. Ta kalle shi, ta yi ɗan ƙara mai daɗi, ta buɗe. Biro ya ɗauki kabbara. Tsohon Mai Kujera har da ƙwalla, ya ce, "Ke kaɗai kika riƙe amana." Ni kuwa na manta da ciwon ƙafa, na ruga na jawo Sahabi daga gindin itacen bedi.

"Ɗiyata Habsa, hiddo muna hoton geron nan, wanga kahirin zance shi gani da idonai."

Ta nemo, ta buɗe. Jama'a, hoto ya yi kyau. Ga hula, ga tabarau, ga kumatu sun cika allo daga wannan gefe zuwa wancan. Can ƙasa ga hannunsa da agogo, ya damƙe kara. Karan ya miƙe ya bi ta gefen kunnensa ya fice daga hoton. Mai ɗaukar hoto ya san wanda aka ce ya ɗauka.

Sahabi ya matsa kusa, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Taubashi, kai guda nika gani, kuma ba na gero ba ne."

Kafin in fita na ji Sabon Mai Kujera yana ba da umarni a nuna wa kwamfuta tasa fuskar, ita kaɗai. Kwamiti kuma ba a rushe shi ba. An ce zai ci gaba da zama don tsare kumatun da ke kan aiki.

Masu tambayata ko su sa wa kwamfutarsu sabon sistem, ni ban hana ku ba, ku sa. Amma in ta nemi fuskar da za ta riƙe, kada ku ba ta ta mai kujera. Ku zo ku ari tawa. Masu kaki sun zo sun wuce, masu babbar riga sun zo sun wuce, ba wanda ya ƙara mata ko tsoka guda, kuma ba sauran abin da za a rage.