Gidana Ba Ya Cikin Hoton

Jama'a, ku fara yi mini jaje kafin dariya, ko da yake na san wadda za ta riga fitowa. Wata safiyar Lahadi na faɗa cikin kwatar da ke ƙofar gidana a unguwar Harobanda ta Yamai, ina sanye da farar babbar rigar da na ɗinka wa kaina don zuwa suna. Kwatar nan ba baƙuwata ba ce. Tare muka tsufa, ko ido rufe na san inda ake tsallake ta. Abin da ya kayar da ni shi ne ina tafiya ina kallon sama, domin na fito na tarar an kafa wani ƙaton allo a bakin layinmu, faɗinsa ya kai bangon masallaci.

A saman allon an rubuta "Layinku na Gobe". A ƙasa kuma an ce kyauta ce daga Buron Ƙawata Gari da Hangen Nesa, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Sarkin Hangen Nesa, Allah ya ƙara masa tsawon wuya.

Maƙwabcina Harouna mai walda ne ya jawo ni waje. Ko sannu bai ce mini ba, shi ma idonsa na kan allon. Ni Jibo tela na daɗe a duniya, amma ban taɓa ganin layinmu da kyau haka ba. Kwalta baƙa wuluk tana sheƙi kamar an shafa mata man shanu. Mutanen ciki duk dogaye ne sirara, ba mai ɗauke da kaya a ka, ba mai ciniki, ba mai faɗa. Ba akuya ko ɗaya, ba ɗan kabu-kabu. Akwai wata mata cikin gajeren wando tana gudu da kare a igiya, na duba bayanta da kyau, ba wanda ya biyo ta.

Na tambayi Harouna yaushe aka ɗauki hoton nan ba mu sani ba. Ya ce ba ɗauka aka yi ba, kwamfuta ce ta zana, yanzu haka ake yi, a gaya wa na'ura abin da ake so ta fito da shi har da inuwarsa. Na ce to madalla. A zamaninmu mai ƙarya sai ya buɗe baki, kana kallon ƙwayar idonsa kana auna shi. Yanzu ƙarya ta samu launi da inuwa, ba ta ko ƙifta ido.

Halimatou mai kopto, wato kwaɗon zogale, Bazabarmar da rumfarta ke jingine da katangata, ita ce ta fara lura da abin da ya hana ni zuwa sunan. Ta nuna da ludayi ta ce, "Malam Jibo, ina gidanka?"

Na bi layin da yatsa daga masallaci. Ga kwana, ga inda turken kuran, wato wutar lantarki, yake. Daidai inda gidana ya kamata ya tsaya sai ga wani tafki zagaye, a tsakiyarsa kifin dutse ya ɗaga kai yana feso ruwa sama. Inda rumfar Halimatou take an shuka furanni. Wurin waldar Harouna ya zama benci, wasu mutum biyu na zaune a kai suna karatu da tsakar rana, alamar ba su da iyali.

A nan dariya ta tsaya mini. Gidan nan da allura da zare na gina shi, ɗaki bayan ɗaki, tun ina saurayin da ya zo daga Tahoua da keken ɗinki a ka. Matata Indo ta fito ta daɗe tana kallon kifin. Ta ce abu ɗaya dai ta yaba, a hoton akwai ruwa a gidanmu, abin da famfonmu ya daina bayarwa tun da ya koyi tari. Bayan haka ta ja ni gefe ta tambaye ni a hankali ina za mu kai tsufanmu in an rushe.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Washegari na ƙetare gada na tafi buron, wato ofishin masu allon. Na tarar da wani matashi mai fara'a, Mushe Abdou, wato Malam Abdou a Faransance, zaune a ƙarƙashin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, yana rawar sanyi a tsakiyar bazara. Na ce masa na zo a duba mini takardar filina, a gaya mini ko ni ne mai gidan ko kifi. Ya ce in kwantar da hankalina, ai an wuce zamanin takarda, duk bayanan unguwarmu an ɗora su a gajimare.

Na leƙa ta taga. Sama fes, ko tsuntsu ya ji tsoron ranar. Na ce masa ranka ya daɗe, a Yamai gajimare baƙo ne, sai damina yake zuwa, shi ma wani lokaci ya yi ta ruri ya wuce. Wa ya ba da shawarar a ba shi ajiya?

Ya yi dariya ya bayyana mini cewa suna ne kawai. Gajimaren wasu manyan ɗakuna ne cike da kwamfutoci a wata ƙasa mai sanyi, can bayananmu suke kwance. Wato takardar gidana ta riga ni fita waje, tana can tana shan iska, ni mai gidan ina nan ina zufa. Na ce to a kira ta. Ya danna kwamfutarsa, ya sake dannawa, ya ce ba rezo, wato layin sadarwa ya ɗauke. Muka jira. Rezo ya zo, kuran ya tafi. Kuran ya dawo, rezo ya ce shi ma yana da uzuri. Waɗannan biyun, na lura, kamar surukai suke, ba sa zama ɗaki ɗaya.

Da na matsa, sai ya ce akwai wani kwafi a cikin kile, ɗan abin nan kamar ɗan yatsa da ake soka wa kwamfuta. Na ce alhamdulillahi, a kawo kile. Ya ce kile na maƙale da makullan motar Mai Girma, shi kuma Mai Girma ya yi tafiya waje, taron ƙasa da ƙasa kan yadda ake adana bayanai.

Ku bar ni in faɗi ra'ayina a nan, tun da ba a biyan haraji a kansa tukuna. Kakata tana da rumbu. In ta zuba gero, ta san inda ta zuba shi, in tana so ta sa tsani ta hau. Abokin gabarta ɓera ne kawai, shi ma ana ganin kashinsa. Ba a taɓa ce mata ta dawo gobe rumbu ba ya da rezo ba. Ni ba na ƙin ci gaba. Ina da waya, har hoton jikokina na ciki, kodayake kullum tana ce mini ta cika, in goge wani abu, kamar jika abin gogewa ne. Amma ajiyar da mai ita ba ya iya gani, mai gadinta ba ya iya buɗewa, wannan ba ajiya ba ce, sadaka ce.

Mushe Abdou ya raka ni har bakin ƙofa da "kala suru, Baba", haƙurin Zabarmawa da ake ba kowa kyauta a garin nan.

Da na koma na ba Harouna labari, sai ya ajiye gilashin waldarsa ya ce shi ya gane maganar. Tun da yanzu hoto ake bi ba ƙasa ba, duk wanda ba ya cikin hoto ba ya cikin gari. Magani shi ne mu shiga. Yana da ragowar fenti, ni ina da tsani. Da la'asar ya hau ya zana gidana a kan tafkin, da ƙofarsa shuɗiya da tagar da ta karkace. Kifin ya ƙi ɓoyuwa gaba ɗaya, kansa ya leƙo ta rufin ɗakin Indo. Halimatou ta ce a mayar mata da rumfarta, kuma a sa tukunyar ta fi ta gaske girma. Harouna ya kori masu karatun nan ya dasa injinsa.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin mako ya zagayo duk layin ya yi jerin gwano a gindin tsani. Mai shayi ya shiga da teburinsa. Mai faci ya shiga da tayoyinsa. Wata tsohuwa ta rantse ba za ta tafi ba sai an sa akuyoyinta, har da mai ɗingishi. Liman ya aiko a sa wa matar nan mai gudu zane, aka ɗaura mata, aka kuma kwance karen. Da mutane suka yi yawa kwalta ta ɓace, Harouna ya ce gaskiya ba ta cika ba sai da kwata, ya ja ta tun daga masallaci har ƙofata. Ranar da ya sauko muka ja da baya muka duba, sai ga allon ya zama daidai da layin da ke bayansa. Wani baƙo ya tsaya ya tambaye mu me ya sa aka kafa taga a tsakiyar hanya.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wata safiya mota ta tsaya, Mushe Abdou ya fito, ya ga allon, ya dafe kai. Ya ce mun jawo masa, mun jawo wa kanmu. Hoton nan yana da brebe, wato wani kamfani a waje ya yi rajistarsa, doka ta ce nasa ne shi kaɗai, ba mai ikon ƙara ɗigo ko rage ɗigo sai da izininsa. Har kifin akwai mai shi.

Halimatou ta tambaye shi ko ana yi wa abinci irin wannan rajista. Ya ce ana yi wa kusan komai. Ta ce to ya taimaka ya bincika mata ko wani ya riga ya yi wa kopto, kada ta yi ta kwaɗa zogale shekara da shekaru ashe na wani Bature take taɓawa. Harouna kuwa ya ce shi ma yana son brebe a kan akuya mai ɗingishi, don shi ya ƙirƙiro ta, ta gasken ba ta kai ta kyau ba. Ni dai ina ta godiya ga Allah da wanda ya ƙago allura ya mutu ba tare da ya san wannan dabara ba, da yanzu kowane ɗinki sai na aika neman izini. Ban ce kada mai basira ya ci guminsa ba. Amma a ce hoton layinmu na wani ne, mu da ke cikin layin mu ne ɓarayi, wannan lissafi sai masu kilim.

Na ja Mushe Abdou inuwa, Halimatou ta zuba masa kopto. Bayan loma ta uku zuciyarsa ta yi laushi. Na ce masa ɗana, bar zancen kifi, gaya mini gaskiya, yaushe za a rushe gidana?

Ya waiga dama da hagu ya rage murya ya ce, "Baba, ba wanda zai rushe maka gida. Hoton nan sayo shi aka yi a shirye, ba a ma san da layinku ba lokacin da aka zana shi. Irinsa sak yana unguwar Saga, yana unguwar Koira Kano, suna kawai aka canza. Ba a shirya rushe komai ba, don ba a shirya gina komai ba."

Wallahi jama'a, an sha yi mini alkawarin ƙarya a rayuwa, amma ban taɓa jin daɗin wani kamar wannan ba. Na shiga gida da sauri na gaya wa Indo. Ta zauna a bakin gado ta share hawaye, ta yi wa Mai Girma addu'a, Allah ya dawwamar da shi a kan halinsa, kada ya taɓa jarabtarsa da cika alkawari.

Saura matsala ɗaya. Mai Girma ya dawo daga taro, kuma zai zo ƙaddamar da allon a gaban ƴan tele, wato ma'aikatan talabijin. Muka ce za mu wanke. Mushe Abdou ya ce mu bar shi, ba lokaci, kwamfuta za ta gyara daga baya. Ranar biki aka kafa rumfuna, aka jera mu a bayan Mai Girma. Ni aka sa dab da kafaɗarsa ta dama saboda furfurata. Ya yi jawabi mai daɗi a kan zamani, ya yanke ƙyalle, bai ɗaga kai ya dubi allon ba ko sau ɗaya. Ga shugaba mai tawakkali.

Da yamma muka taru gaban tele a wurin mai shayi, kuran ma ya yi mana kara ya zauna. Sai ga Mai Girma yana yanke ƙyalle a kan kwalta mai sheƙi, ba akuya, ba kwata, ba rumfa. Mu ma babu. Duk inda ɗan unguwa ya tsaya an dasa itace. Harouna ya zama wani ɗan kurmi mai furanni ja. Halimatou ta zama fitilar titi. A kafaɗar Mai Girma ta dama kuwa, inda na tsaya ina murmushi da duk haƙoran da suka rage mini, ga wata doguwar giginya.

Ƙanena ya bugo waya daga Tahoua yana mini faɗa, wai a yi irin wannan biki a ƙofar gidana in ƙi fita, girman kai ne ko me. Na ce masa ya sake dubawa, ni ne na hannun dama, mai ganye. Indo ta ce in daina ƙorafi, tun da ta aure ni ba ta taɓa ganina a miƙe haka ba.

Don haka in kun ga itace a bayan wani babba a hoton biki, ku gaishe shi da ladabi. Ba ku sani ba ko uban wani ne.