Ila Kwance-Kwance da Man Babur ɗin Surukinsa

"Ni fa inji magana yake yi da ni," in ji Ila, yana kurɓar shayi a teburin Dauda da ke bakin titin Unguwar Kanawa. "Ko jirgin sama ne ya wuce, daga kukansa nake gane irin man da ya sha jiya."

Abokina, kada ka ɗauka bakanike ne. Tela ne, telan ma irin wanda in ya ɗinka maka wando sai ka riƙa tafiya a karkace don ƙafafun su daidaita. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya. Mu kuwa 'yan unguwa Ila Kwance-Kwance muke ce masa, domin duk abin da ya kwance, a kwance yake har yau. Tambayi rediyon liman.

Surukinsa, Baba Hamisu na Malali, tsohon ma'aikacin reluwe ne. Yana da wani baƙin babur ɗan Ingila da ya saya a hannun wani Bature tun kafin a ba mu mulkin kai. In ya tayar da shi a Malali, kajin Kawo sai sun watse. To gwiwarsa ta fara gaza buga kik ɗin tayar da shi, sai tsohon ya kira Ila ranar da zai tafi Gusau gaisuwar mutuwa.

"Riƙe shi har in dawo," ya ce. "Lokacin juye ya yi. Ka kai wa Adamu bakanike, ya san baƙin man da ke karɓarsa, mai ɗan kauri irin na tsofaffin injuna. In na tarar da shi lafiya, ya zama naka."

"Baba, ka ɗauka a asibiti ka bar shi."

A asibitin kuwa ya bar shi, sai dai ɓangaren ajiye gawa.

Injiniya guda ya tura babur wurin wani Adamu? Ina. Washegari ya tara mu a teburin shayi ya yi mana lacca.

"Babur ɗin nan ya girmi ƙasar nan. Tsoho kuwa kunu ake dama masa, ba a ba shi tuwon dawa. Tsinkakken mai yake so."

Ya tsiyaye tsohon man a kwata, ya ɗura masa man keken ɗinki, fari tas kamar ruwan famfo. Ya hau ya zaga unguwa, hula a goshi. Kafin ya dawo babur ya kama yoyo ta kowace kafa. Duk inda ya tsaya sai ya bar ɗan tabki, ga hayaki daga salansa kamar ana ƙona bola.

"Injiniya, tsohon naka fa kunun ya ɓata masa ciki," in ji Dauda. "Zawo yake."

"Wankin ciki na yi masa da gangan. Haka ake yi a Jamus. Yanzu ne zai ci abinci mai nauyi."

Ya nufi inda manyan motoci ke tsayawa a Kawo, ya sayo man giyar mota irin na tirela. Abokina, man nan in ka kifa galan sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ɗigon farko ya sauko. Da muciyar matarsa ya tura shi ciki.

Da safe ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce mu matsa baya kada iska ta ɗebe mu. Ya taka kik, kik ya ce bai san zancen ba. Ya hau da ƙafa biyu yana tsalle a kai. Ƙarfen ya sauka a hankali, a hankali, kamar mai tunani, sannan ya dawo da shi gaba ɗaya. Mun ga Injiniya a sama, mun gan shi a kwata, a cikin man da shi da kansa ya zubar.

"Wannan kuma na Jamus ne ko na Rasha?" in ji Dauda.

Ila ya miƙe yana matse riga. "Ku dai ba ku da ido. Babur ɗin da ya iya ɗaga ƙato kamata, ai ƙarfinsa ya dawo."

Ana cikin haka aka aiko Baba Hamisu ya sauka. 'Yarsa Yalwa, matar Ila, mai sayar da soyayyen kifi, ta yafa mayafi za ta yi gaba.

"Malam, ka biyo ni da babur ɗin. Ka san shi zai fara tambaya kafin ya tambayi jikokinsa."

Tana fita Ila ya leƙa cikin injin. Man keke ya ƙare a titunan unguwa, na tirela kuma ya daskare a ciki kamar alewa. Sai idonsa ya faɗa kan kaskon Yalwa, cike da man gyaɗan da ta soya kifin safe. Ba kauri can, ba tsinkewa can. Nan take ya gano abin da Turawa suka kasa ganowa. Ya kwashe rabin na tirela, ya kifa kaskon a ciki ko tacewa babu, ya juya da kara.

Abin haushi, babur ya tashi.

Ka ga Ila a titi, yana ɗaga wa mutane hannu kamar sabon kansila. Ƙamshi kuwa ya riga shi gaba. Kyanwoyi suka diro daga katanga. Wata tsohuwa ta leƙo da kwano tana neman mai tallan. Yana shiga Malali injin ya fara wani cuwa-cuwa irin na kasko, ya yi tari, ya ce ƙas, ya yi shirun da ba a tashi.

Da turi ya ƙarasa, gumi har cikin takalmi. Baba Hamisu na zaune a kan tabarma a ƙofar gida, tsofaffin abokansa na reluwe sun kewaye shi suna yi masa barka da hanya. Ila ya durƙusa.

"Baba, daga kwanar layi na kashe shi, kada ƙara ta dami baƙi."

Tsohon ya tashi ya danna kik da hannu, ya ji shi kamar an kafa a siminti. Ya sa gefen riga ya murɗe murfin mai. Tururi ya taso, tsofaffi suka ɗaga hanci a tare, har wani ya haɗiyi yawu. Baba Hamisu ya tsinci tsinken tsintsiya ya zura. Ya zaro yankan albasa. Ya sake zurawa, ya zaro wutsiyar kifi, ta soyu har ta yi ja.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya wajen zaure.

"Yalwa."

"Na'am, Baba."

"Sauke miyar nan da kika ɗora. Kawo tuwon kawai, mijinki ya taho da tasa."