Uwar Guguwa a Shagon Tela

"…da gajiya kuma? Ya ƙafar taka? To madalla. Gaisuwa ta ƙare, tsoho, ina rigata?"

Barkono ko jakarta ba ta ajiye ba. Tana tsaye a bakin shagon kakanta, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, tana haki saboda saurin da ta yi daga kwaleji. Gobe ne za a yi gasar shiga a makarantarsu, inda kowa zai fito da kamannin wanda ya fi burge shi a anime, finafinan zanen nan da suka shiga ranta tun tana ƙarama. Ita Uwar Guguwa ta zaɓa. Tun watan jiya ta kawo wa tsohon shuɗin yadi mai walƙiya, ta haɗa masa da tsohuwar wayarta cike da fim ɗin, don ya ga yadda rigar take.

Kakan ya tsayar da keken ɗinki, ya leƙo ta saman tabarau, alli maƙale a bayan kunnensa.

"Ka ji mini mata! Wannan gaisuwa ce ko sammaci? Shi ya sa kullum nake cewa zan sake ki in huta."

"Sake ni mana. Wa zai kwashi miji mai haƙori uku?"

"Huɗu ne, kuma duk suna bakin aiki."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya zaro wata riga ya baza ta a kan katakon guga, yana murmushi kamar wanda ya gama aikin lada. Toka-toka ce, doguwa, da faci a gwiwar hannu da igiya a ƙugu. Barkono ta kalle ta, ta kalli tsohon, ta sake kallon rigar.

"Mene ne wannan? Buhun gawayi?"

"Rigar Tsoho Mai Tsani ce. Na kalli fim ɗin naki, na auna kowa da kowa, na zaɓa miki wanda ya fi. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba."

"Tsoho Mai Tsani!" Muryarta ta tashi har mai gyaran agogo na shagon gefe ya leƙo ya koma. "Ɗan dakon nan da ke gyangyaɗi a gindin tsani? Ni na ce Uwar Guguwa! Wadda ta yi atishawa wata ya tsage! Wadda ta naɗe teku kamar tabarma ta saɓa a kafaɗa! A duk allolin fim ɗin nan…"

"Kul! Allah ɗaya ne. Waɗancan ma'aikata ne, kowa da ofishinsa."

"To, a duk sarakunan saman fim ɗin, wa ya taɓa tsaya mata?"

"Zauna in karanta miki, tunda idonki kawai ke kallo, kanki yana hutu." Ya ɗaga almakashi yana nuni da shi. "A ƙasa akwai mayaƙa, masu ihu da tsalle-tsalle. A samansu masu gadin ƙofofi. A saman waɗannan, sarakunan sama, har da uwar ɗakin taki mai baki kamar naki. To duk mai hawa da mai sauka, ta ina yake bi?"

"Ta tsani."

"Wa ke riƙe da tsanin?"

"Ai mai gadin asibiti ma shi ke riƙe da ƙofa, amma ba shi ke fiɗa ba!"

"Ki je ki gaya masa haka ran da kika zo dubiya bayan an rufe."

Barkono ta jefar da jakarta a kan buhun ƙyallaye. "Sau nawa ka ga ya kai naushi? Ko ƙuda bai taɓa kashewa ba!"

"Mai abu ba ya ihu, gwangwanin banza ke ƙara. Ba ki ga ran da ita gwanar taki ta zo gindin tsanin ba? Takalmi ta cire, ta rage murya."

"Tausayi ne. Ni ma ai ina durƙusa maka, ka taɓa jin an ce ka fi ni ƙarfi?"

"Da ya yi tari fa? Duk sarakunan suka miƙe tsaye!"

"Gudun kamuwa da mura!"

"La ilaha! Yarinyar nan, ƙarfi daban, matsayi daban. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau bene ba zai gani ba."

"Kai da ba ka ganin ramin allura sai an zura maka? Ka ga tsoho ɗan'uwanka mai barci a wurin aiki, shi ne ka ɗaure masa gindi. Na ji, ya fi kowa. Ba ni yadina in kai wa telan gaske."

Tsohon ya sosa ƙeya, ya dubi rufin shago. "Wane yadi?"

"Shuɗin!"

"Au, wannan mai ƙyalli kamar takardar alawa? Na yi wa kyanwa katifa da shi. Ragowar na goge man keke."

A nan zolayar ta fara ɗaci a bakin Barkono. Ta san kakanta da shirme, amma ta san shi da taurin kai kuma. Mutumin da ya taɓa ɗinke aljihun wandon babanta don ya hana shi zuba hannu a ciki, me ba zai aikata ba? Ta tuna yadda ta zagaye kasuwa har ƙafarta ta yi bororo kafin ta samo wannan launin. Ta tuna ƙawayenta da suka ɓata yammacinsu suna yanka mata kambi da kwali, da wata 'yar ajinsu da ta taɓe baki ta ce ai gajera ba ta yin Uwar Guguwa. Ta juya don kada ya ga idonta, sai ta hangi wayar a jingine da gwangwanin maɓallai, fim ɗin a tsaye, tsani ya karkace a tsakiyar hoton.

Ta gyara murya.

"Angona."

"Tunda kika ce angona, akwai sharri."

"Ina ka tsaya a kallon?"

"Inda tsanin ya fara girgiza. Abokin ciniki ya shigo, na dakata. Me ya faru?"

"Wato ba ka ga zangon ƙarshe ba." Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora ƙafa kan ƙafa. "Bari in taimaka maka, kada ka wahalar da idonka. Ka san ran da Uwar Guguwa ta dawo, ta tarar da tsohon naka…"

"Ke! Kada ki soma!"

"…yana zaune, sai ta ɗaga hannu…"

"Barkono, zan tsine wa wayar nan!" Ya wawuri ƙyalle biyu ya toshe kunnuwa, ya hau taka keke babu komai a ƙarƙashin allura, ƙarar ta cika shagon. Ita kuwa ta miƙe ta matso daidai kunnensa.

"Sai tsanin ya…"

"Wannan zalunci ne! Ni na yi miki rigar suna, na yi miki kayan makaranta, yau ki saka mini da wannan? Mutum ya kwana uku yana zullumi, ki zo ki fasa masa ƙwai a ka?"

"Zomo ba ya fushi da makashinsa. Yadina, ko in kai ka har ƙarshe, har abin da aka rubuta bayan waƙar rufewa."

"Akwai wani abu bayan waƙar?"

"Sosai ma. Ashe shi tsohon…"

"Tsaya! Tsaya, na tuba!"

Ya tashi yana ɗingishi yana ƙunƙuni, ya buɗe kabad ɗin da yake ajiye kayan manyan abokan ciniki. Da ya juyo, sai shagon ya yi kamar an ƙara masa taga. Shuɗiyar riga ce har ƙasa, da shafi fari a ciki, wuyanta a tsaye. A bayanta ya yi aikin zare na azurfa da hannu, guguwa tana murɗawa tun daga kalmasa har kafaɗa, irin aikin da ya daina karɓa tun da idonsa ya fara ba shi wahala.

Barkono ta zura ta a kan kayanta, ta tsaya gaban tsagaggen madubin shagon. Ta juya hagu, ta juya dama, tana shafa aikin zaren.

"Yau ga abin al'ajabi," in ji tsohon. "Rediyo ya ɗauke."

"Ba laifi," ta ce, tana goge ido da bayan hannu. "A ɗinkin makaho dai, ba laifi."

Ta cikin madubin ta hango shi yana zura rigar tokar, yana ɗaure igiya a ƙugu. Ta zauna masa cif, kamar da ita aka haife shi.

"Da wace mota za mu tafi gobe?" ya tambaya.

"Mu? Mu su wa?"

"An taɓa ganin sarauniya ta hau sama babu mai riƙe tsani? Na riga na ari na mai fenti."

Dariya ta ƙwace mata har ta zube a kan buhun ƙyallaye. "Ka zo. Amma in aka tambaye ni, ban san ka ba."

Ya matso, ya rage murya, ya dubi ƙofa kamar mai tsoron a ji. "Tsakaninki da Allah, 'yar nan, kalma ɗaya kawai. Ya mutu?"

Ta miƙe ta juya masa baya, ta nuna inda rigar ta ɗan sauko mata.

"Rage mini kafaɗar tukuna."

"Azzaluma," ya ce yana dariya, ya miƙa mata allura da zare. "To zura mini."