Ta'aziyyar Jakadiya, Wadda 'Yan Dubiya Suka Ƙarasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan haushin da ba a ga dalilin ɓoye shi ba, Malam Sama'ila Mati yake sanar da ma'abota rediyon oba-oba na ƙasar Daura da kewaye rasuwar Jakadiya. Ta yi shiru ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, a ɗakinta na kwano da ke gindin tsohon tankin ruwa, hanyar Zango. Shekararta goma sha ɗaya tana aiki. Jinyarta wata huɗu.

Ga wanda bai san ta ba, kuma da yawa daga masu cin moriyarta ba su taɓa zuwa gaishe ta ba, marigayiyar rifita ce. Wato na'urar da take jin muryar ƙaramar rediyon hannu, ta ɗaga ta, ta maimaita ta da ƙarfi har inda ba za ta kai da kanta ba. Da ita mutumin Kongolam yake magana da mutumin bayan Mashi, a wuraren da wayar salula take zama madubi kawai. Malam Sama'ila ne ya haɗa ta da hannunsa, da littafi ɗaya mai yagaggen bango da ƙunar yatsu ba adadi. Ba wata makaranta da ta koya masa, kuma bai ji kunyar faɗa ba.

Shaidar da za a yi mata gajera ce, amma mutane kaɗan ne a garin nan za a yi musu irinta. Ba ta taɓa ƙara gishiri a maganar da aka ba ta ba. Abin da ya shiga kunnenta shi yake fita bakinta, ko na alheri ne ko na shirme. Ba ta katse babba. Idan mutum ya gama zancensa, sai ta jira ɗan lokaci, ta ce "tit", ta yi shiru. Wannan "tit" ɗin ita ce iyakar ra'ayinta a duniya. Abincinta hasken rana, kuma ba ta taɓa yin yajin aiki ba.

Ciwon ajali ya faro ne a makon da wata sabuwar tashar FM ta kafa dogon ƙarfenta a tsallaken hanya, jifa biyu daga tankin. Tun daga ranar Jakadiya ta fara sambatu. Ana tsakiyar tambayar ko an yi ruwa a Zango, sai a ji ta ɓarke: "Maganin basir, sha yanzu, magani yanzu!" Baiwar Allah da ta shekara goma ba a ji kalmar banza a bakinta ba, sai ga ta tana miƙa gaisuwa ga Murjanatu ta bayan kasuwa, da fatan tana shan kiɗa lafiya. Dattawa suka riƙa rage murya idan iyali suna kusa.

Malam Sama'ila bai yi abin da aka saba ba, wato bai ce sammu ba ne. Ya sayi littafin rubutu, ya zauna kusa da majinyaciyar, yana rubuta lokacin da sambatun yake tashi da lokacin da yake kwantawa. Cikin kwana tara ya gane cewa duk sa'ar da injin tashar ya mutu, Jakadiya takan dawo hayyacinta garau. Duk da haka bai ɗora wa maƙwabta laifi ba sai da ya binciki gidansa. Ya sauya wayar da ta hau eriya. Ya hau tankin, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa, ya kankare tsatsa a kowace mahaɗa, don tsatsa ma tana haɗa muryoyin da ba su da dangantaka. Ya juya eriyar ta ba wa tashar baya. Sauƙi ya samu, amma mai maganin basir bai tafi ba, ya dai koma magana ƙasa-ƙasa.

Daga nan ne ya sa babbar riga ya je tashar. Injiniyansu, wani Sha'aban, ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba shi kujera da ruwan sanyi, ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya bayyana masa cewa na'urarsu tana kan layinta daidai, takardunsu sun cika, kuma ai abin farin ciki ne a ce shirye-shiryensu suna kaiwa har inda ba su yi zato ba. Ya tambaya ko Malam yana da wanda yake so a gaisar masa. Malam Sama'ila yana miƙa godiya bisa ruwan. Yana kuma shaida, don gaskiya ɗaya ce, cewa da ya auna daga baya ya tarar mutumin bai yi ƙarya ba. Ƙarfin tashar ne kawai ya fi kunnen Jakadiya, kamar a kafa injin niƙa a jikin ɗakin mai sauraron raɗa.

Maganin kuwa sananne ne: matata ce ƙarama da ake sawa a bakin kunnen, ta tare muryar tashar, ta bar ta 'yan'uwa ta wuce. Akwai ta a Kano wurin wani tsohon abokinsa. Ranar Litinin ya kama hanya. Kafin ya tafi ya bar mabuɗin ɗakin a hannun 'yan ƙungiyarsu ta masu oba-oba, ya ce a riƙa leƙa ta. Wannan kalma ta "leƙa" ita ce kuskurensa, kuma ya ɗauki nauyinta.

Kowa ya san yadda muke dubiya. Ba ma iya zama kusa da mara lafiya mu ce sannu mu tashi. Sai mun rubuta magani. Wanda bai taɓa warkar da ko mura ba, idan ya shiga ɗakin jinya likita ne. Na farko ya zo ya hure mata ƙura da famfon taya. Na biyu ya fesa mata turare, wai ɗakin yana warin ɓera. Waɗannan Allah ya saka musu, ba su kashe kowa ba. Na uku shi ne Munzali, bakaniken babura na bakin tasha, mutumin kirki, mai zumunci, wanda bai taɓa fita gida ba tare da sifana a aljihu ba.

A bayan Jakadiya akwai gwangwanaye shida na tagulla, kowanne da sanda mai zare a kansa, wata ta fito da yawa, wata kaɗan. Su ne suke raba bakinta da kunnenta, don kada abin da take faɗa ya koma mata. Malam Sama'ila ya yi mako uku yana daidaita su da na'urar aro, juyi ɗaya kamar kaurin gashi. Munzali ya dube su da idon sana'arsa. A wurin bakanike, zaren da ya fito waje abin kunya ne. Ya sassauta makullansu, ya murɗe su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ya ɗaure tam, ya goge hannunsa.

Washegari, Malam Sama'ila yana sauka daga motar Kano, matata a cikin jaka, ya kunna rediyonsa. Abin da ya ji shi ne kalaman ƙarshe da marigayiyar ta ɗauka a duniya, da muryar Munzali, cike da fara'a: "Malam, in kana ji na, ka sha kuruminka. Ashe duk notunanta ne suka kwance. Na ɗaure maka su."

Ba ta ce "tit" ba. Muryarta ta koma kunnenta, ta ji kanta, ta maimaita, ta sake ji, ta sake maimaitawa. Kuka ɗaya ta riƙe, dogo, ba numfashi. Ƙarfin da ya kamata ya hau eriya ya dawo mata ciki. Kafin ɗan acaɓa ya kai Malam Sama'ila gindin tankin, ɗakin ya cika da ƙauri. A yi wa Munzali adalci: tallan basir ya daina. Wanda ya daina jin kowa sai kansa, ƙarshensa ke nan, ko na'ura ne ko mai rawani.

Ta rasu ta bar batir biyu masu sauran ƙarfi, da faifan sola uku, da eriya da har yanzu take tsaye a sama ba ta san abin da ya faru ba. Ta bar matata sabuwa fil a leda, wadda ta zo ta tarar ana zaman makoki. Ta bar 'yan ƙungiya tara, waɗanda yanzu kowa sai dai ya ji maƙwabcinsa. Ta kuma bar Malam Sabiru, tsohon malamin gona da idonsa ya tafi, a ƙauyensu can bayan Mashi inda waya ba ta shiga, wanda kullum bayan la'asar yake kunna rediyonsa ya ce, "Daura, Daura, Sabiru ne, wa ke kusa?"

Za a fito da gawar ranar Asabar da hantsi. Ba za a yi mata salla ba, Malam Sama'ila bai jahilci addininsa ba, ƙarfe ce. Za a kai ta shagonsa a ɗora a kan kanta ta sama, ba wanka, ba turare. 'Yan gwangwan da suka fara zagaye tun Laraba su sani ba a sayar da ita a kilo. Masu zuwa gaisuwa su zo da hannuwansu a aljihu, su bar su a can. Ba a bukatar shawara.

Saura abu ɗaya. Har yau ba a gaya wa Malam Sabiru ba, don wadda ake aika masa ita ce ta rasu. Kwana huɗu ke nan yana kira. Ƙungiya ta yanke cewa Munzali ne zai hau babur ya kai masa labarin baki da baki, ya zauna a tabarmarsa, ya bayyana masa da kansa yadda aka yi gyaran. Zai koma kowace Juma'a bayan la'asar ya kai masa labarin Daura, har ranar da aka samu wata.